Yadda Muka Kai Waƙar Jigo Kano

Tafiyar nan ba ta yi daɗi ba. Na faɗa tun da fari don kada wani ya gyara zama yana jiran labarin daɗi. Ƙafata ta kumbura, cikina ya lalace kwana shida, na baro takalmi ɗaya a ƙasar da Ingilishi ke mulki, kuma mutumin da na raka ya dawo gida ba ya yi mini magana. Amma tun da muka sauka Gure ban samu sakat ba. A kasuwa, a ƙofar masallaci, har a kwari ina ban ruwa, sai wani ya tsaya a kaina ya ce, "Idi, wai da gaske an sa ku cikin garmaho?" Na gaji da maimaitawa. Karatuna bai yi nisa ba, amma zan rubuta yadda na iya, wanda ya matsu ya nemi mai karanta masa.

Wanda na raka shi ne Yaya Mele, ɗan wan mahaifina, mai gurmi. Mutanen Gure ba sa bukatar a gaya musu ko wane ne. Na nesa kuwa su sani cewa daga nan har Gidigir, duk wanda ka ji yana waƙa muryarsa ba ta karkace ba, to ya taɓa zama a zauren Mele an ja masa kunne. Shi yake ƙirƙirar waƙa, shi yake koyar da ita. Ni ɗan amshinsa ne, ina kaɗa ƙwarya a bayansa shekara ashirin da shida. Ban taɓa jan waƙa ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da na yi maganar sai ya ce ban nuna ba tukuna. Gemuna ya yi fari ina jiran in nuna.

Doka biyu gare shi, kuma a kansu ya kori almajiran waƙa da yawa. Ta farko, ba a fara waƙa sai an ambaci malaman da ta biyo ta hannunsu, su bakwai, daga Kaka Abari na Gamu har zuwa wanda ya koya wa Mele, kowa da kirarinsa, ba a tsallake ko ɗaya. Mawaƙi ba ya faɗin sunan kansa, sai ranar da almajirinsa ya ja waƙa, shi zai ƙara shi a jerin. Ta biyu, idan mai ja ya jefo baiti, ɗan amshi ba ya barinsa ya faɗi ƙasa, ko da rigarsa na cin wuta. In akwai faɗa, a yi shi bayan an gama.

Abin da ya tashe mu ƙaramin abu ne. Kun san waƙar jigo, wadda masu lambu ke yi suna ɗiban ruwa: "Jigo sunkuya ka gai da ruwa," a amsa, "Ɗago, ɗago, albasa na jira." Mele ne ya yi ta, ina zaune a gefensa, a kwarin mahaifinsa. To ran kasuwa wani mai sayar da albasa daga Gidigir yana rera ta, Mele ya tsaya ya tambaye shi ko ya san mai ita. Mutumin ya dube shi ya ce, "Baba, wannan ai ba ta da mai ita, tun kakanni ake yin ta." Mele ya dawo gida bai ci tuwo ba. Bayan kwana kaɗan wani falke da ke zuwa Kano ya ce ya ga wani Nasara a can yana ɗaukar muryar mawaƙa yana zubawa a faifai, kuma abin da ya shiga faifai ba ya fita. Mele ya aiko a kira ni. Ya ce, "Ɗaura ƙwaryarka." Na ce ina da albasa a ƙasa. Ya ce albasa ta jira, haka waƙar ma ta ce.

Sai da muka yi kwana uku muna zarya bariki kafin a ba mu takardar wucewa. Tafintan kumandan, wato Baturen da ke mulkinmu, ya tambayi abin da za mu je yi. Mele ya ce za mu kai waƙa. Tafinta ya ce babu wannan a cikin dalilan da ake rubutawa, akwai fatauci, akwai ziyara, akwai gaisuwar mutuwa, mu zaɓi ɗaya. Mele ya ce shi ba zai yi ƙarya ba. Na ce a rubuta gaisuwar mutuwa, ai Kano ba za ta rasa wanda ya mutu ba. Haka aka rubuta.

Muka bi ayarin ƴan kanwa masu zuwa Nguru. Sun ba Mele takarkari ya hau saboda shekarunsa, ni suka ba ni igiyar takarkarin. Wanda bai taɓa jan sa cikin rairayi ba kada ya ce mini ya san wahala. Ƴan kanwa mutane ne masu kirki amma ba sa magana, abincinsu gumba da ruwan salka, safe da yamma. A zango na farko suka roƙi Mele waƙa. Ya ciro gurmi ya fara jero malamansa. Kafin ya kai na huɗu madugu ya tashi duba shanu, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mele ya ce mini, "Ka gani? Kanwa ta cinye musu kunne."

Bayan garin Bune da kwana ɗaya muka iso iyaka. Ni da nake tsammanin ganuwa, sai na tarar da bukka biyu, da tuta, da gardi ɗaya, wato mai gadin iyaka, yana ɗinkin wandonsa. Ɗan duwan, mai binciken kayan matafiya, ya fito ya zazzage kayanmu. Ya ɗauki gurmin ya girgiza a kunnensa, ya leƙa hujinsa, ya ce mutane na ɓoye abubuwa a irin wannan. Mele ya ce babu komai a ciki sai waƙa. Ɗan duwan ya ce to a fito da ita ya gani. Mele ya zauna, ya gyara tsirkiya, ya kama Kaka Abari. Rana na dukanmu, shanu na kuka, layi ya taru a baya. Ɗan duwan ya sauya ƙafa, ya sake sauyawa. Da aka kai malami na biyar ya ce, "Ya isa, tsoho, ku wuce, Allah ya kiyaye hanya." Mele ya ce bai fara ba. Ɗan duwan ya ce ya sani, shi ya sa.

Ɓangaren Ingilishi kuma wata fitinar ce. Ma'aikacinsu ya shafa gurmin ya ce wannan fatar damo ce, kuma duk fatar da za ta shiga ƙasarsu sai an buga mata hatimi. Na ce damon ya mutu tun kafin Nasara su zo. Ya ce doka ba ta tambayi ranar mutuwa ba. Ya ɗauko hatimi ya danna a tsakiyar fatar. Mele ya rufe ido kamar shi aka danna wa. Har yau tambarin na nan, wanda bai yarda ba ya je ya gani.

A Nguru na fara ganin jirgin ƙasa. Ba zan ɓata tawada a kansa ba, kun sha ji. Gida ne mai tsawo da ke gudu yana tari. Mutanen can suna kiranmu ƴan Faransa, ni da ban san ko gabas Faransa take ko yamma ba. A cikin jirgin muka zauna kusa da wata mata ƴar kudu, mai faɗi, mai fara'a, ba ta jin Hausa sai "ci, ci." Ta buɗe ganye ta miƙo mana wani tuwon rogo da jar miya mai man ja. Mele ya ce yana azumi. Ƙarya ce, shi da ya ƙi yi wa tafinta ƙarya. Ni kunya ta sa na ci. Daga nan cikina ya fara, kuma ban ɗakin jirgi rami ne da kake ganin ƙasa na gudu a ƙarƙashinka. Mutum ba ya samun natsuwa a irin wannan wuri.

Mele bai dubi taga ba ko sau ɗaya. Ya sunkuyar da kai yana sauraron ƙafafun jirgin, yana buga yatsa a gwiwa. Can ya ɗago ya ce, "Idi, wannan kiɗa ɗaya ya iya. Tun Nguru bai yi juyi ba. Wanda ya koya masa bai gama da shi ba ya sake shi."

Kano kuwa mutane ne, ba wani abu ba. Muka sauka a Fagge gidan wani fatoma mai saukar da baƙi, mutumin Barno, Baba Kachalla, wanda ya ji harshenmu irin nasu ne ya rungume mu, sa'an nan ya sa mu a ɗaki da mutum tara da buhunan citta. Da safe jikina duk tabon kuɗin cizo. Na nuna masa, ya ce nasa ba sa cizon ɗan gida, wannan alama ce ba su gane ni ba tukuna. A garin nan ruwa ma sayar da shi ake yi. Gaisuwarsu gajera ce. A Gure in ka tambayi mutum gida, da iyali, da dabbobi, da gajiya, sai ka koma ka sake zagayowa. A can ka ce "ina kwana," kafin ka kai ga iyali mutum ya sha kwana. Tuwonsu na dawa ba laifi, amma na yi kewar burabusko har na yi mafarkinsa.

Kwana biyu muna neman Nasaran. A hanya muka ci karo da ƴan badujala na soja suna koyon kiɗa a wani fili. Kowa da ƙahonsa na tagulla, kowa da takarda a gabansa, an ja layuka an ɗiga musu baƙaƙen ɗigo kamar kashin awaki. Mele ya tsaya ya daɗe. Ya tambayi wani mai kallo me ke cikin takardar. Aka ce kiɗan ne. Ya ce, "To in iska ta ɗauke ta fa?" Aka ce sai su tsaya. Ya ce, "Wa ya koya wa takardar?" Mutumin ya ce bai sani ba. Mele ya girgiza kai ya ce marayun kiɗa ke nan, muka wuce.

Nasaran yana bayan wani kanti, a ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da barguna, ba taga, zafi kamar cikin tukunya. Mawaƙa sun yi layi a waje, masu kalangu, masu goge, mata masu ƙwarya, kowa na hararar kowa. Sai rana ta uku aka kira mu. Nasaran dogo ne, jajir, da gajeren wando, gumi na ɗiga daga hancinsa. Yana da tafinta Bakano, mai saurin baki. A tsakiyar ɗaki an kafa wani ƙarfe mai huji-huji kamar rariya, shi ake yi wa waƙar. A gefe kuma wani faifan kaki mai kauri yana juyawa, allura na bin kansa.

Tafinta ya ce, "Baba, ka saurara da kyau. Faifai biyu ake ba kowa, ba na uku. In Bature ya saki hankici ka fara, in ya ɗaga hannu ka tsaya. Faifan ba ya ɗaukar abu mai tsawo. Kamar mutum ya yi alwala ne a natse, shi ke nan ya cika."

Mele ya ce, "Na ji."

Bai ji ba. Ni na san bai ji ba. Aka tura ni can bakin ƙofa don wai ƙwaryata ta cika ƙara. Hankici ya faɗi. Mele ya yi bisimilla, ya yi salati, ya kama Kaka Abari na Gamu da kirarinsa, a hankali, kamar yana zaurensa. Ina amsawa ina kallon allurar tana cin kakin. Yana tsakiyar malami na biyar Nasara ya ɗaga hannu.

Tafinta ya ce, "Baba, ina waƙar?"

"Ba mu iso ba tukuna."

"To waɗannan su wane ne?"

"Masu ita."

"Suna ina?"

"Sun rasu."

Tafinta ya juya wa Nasara maganar. Nasara ya yi dariya har ya share ido, ya ce wani abu. Tafinta ya ce tunda wannan faifan ya riga ya lalace, za a juya mana shi mu ji, don tsoho ya gane iyakar abin. Aka sa wata allurar. Sai ga gurmi ya fito daga akwati, tsaf, ga ƙwaryata can nesa. Sa'an nan murya ta shigo.

Mele ya karkata kai. Ya ce, "Wane ne wannan?"

Tafinta ya ce, "Kai ne mana."

"A'a. Wannan tsoho ne. Muryarsa ta tsage, ba ya kai ƙarshen baiti. Ji yadda yake satar numfashi."

Ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Duk Gure mun sani. Ni na fi kowa sani, don ni nake shigowa da amshi da wuri in rufe masa inda ya gaza.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Shekara uku, Yaya."

"Kuka yi shiru."

"Wa zai gaya maka? Wanda ya gaya maka ƙwarya ta fashe ma sai da ka kore shi."

Tafinta ya ce mu yi sauri, akwai mutane a waje, in ba za mu yi na biyun ba mu ba su wuri. Mele ya dubi ƙarfen nan mai huji. Sa'an nan ya ja da baya taku biyu ya ce, "Idi, ajiye ƙwaryar. Matso gaba."

Shekara ashirin da shida ina jiran wannan magana, sai ta zo mini a ɗakin barguna. Na matsa. Ya ce, "Daga Kaka Abari za ka fara. Ka ɗan ɗaga ƙafa, amma kada ka tsallake kowa." Na ce to. Amma na riga na auna abin. Ya kai biyar faifai ya cika. Ni takwas ke gabana. Ko na yi gudun da kura ta biyo ni, faifan zai ƙare ban kai ga Mele ba, balle jigo. Mu koma Gure ke nan da sunayen matattu a akwatin Nasara, mai albasa kuma ya ci gaba da cewa waƙar ba ta da mai ita.

Hankici ya faɗi. Gurmi ya tashi a bayana. Na yi bisimilla, na buɗe baki na ce, "Mele na Gure shi ya yi ta, Mele na Gure shi ya koya mini." Ban tsaya ba na jefa, "Jigo sunkuya ka gai da ruwa."

Gurmin ya yi tuntuɓe. Ban waiwaya ba, amma na ji idonsa a ƙeyata. Wurin amshi ya zo, numfashi ɗaya ne, ya yi mini kamar yini. In ya yi shiru, faifan ya tafi. In ya amsa, ya yarda da abin da ya kori mutane a kansa. Amma shi ya kafa dokar, kuma shekara arba'in yana dukan mutane da ita. Sai na ji daga baya, kamar mai haɗiyar magani: "Ɗago, ɗago, albasa na jira."

Muka tafi. Muryata ba ta kai tasa ta da ba, ban ce ta kai ba, amma ba ta tsage ba. Amshi kuwa gajere ne, numfashinsa ya ishe shi. Muka kai baitin ƙarshe, na rufe, sai Nasara ya ɗaga hannu. Ya ce abu ya yi. Tafinta ya ɗauko takarda ya tambayi mai waƙar. Na nuna Mele, aka rubuta sunansa da garinsa.

Masu tambayata ina faifan, ga amsa: ba a ba mu ba. Ba a ma bari mun ji ba, wai in an juya shi ya lalace. Za a kai shi ƙasarsu a jirgin ruwa a zuba shi a wani abu mai ƙarfi, ya dawo kanti bayan damina, ko bayan wata daminar. Iyakar abin da na sani ke nan.

Da muka fito rana, Mele ya tsaya ya rataya gurminsa. Ya ce, "Mutum bakwai ka binne yau da bakinka."

Na ce, "An daɗe da binne su, Yaya. Kai ne ake nema a binne da rai."

Daga nan bai ƙara ce mini komai ba. A jirgi ya zauna nesa da ni. A Nguru wajen sauka aka ture ni, takalmina ɗaya ya faɗa ƙarƙashin jirgi, yana gani bai ce sannu ba. Muka biyo wasu masu jakuna, kwana biyar, in yana son ruwa sai ya gaya wa jaki. Muka shigo Gure da la'asar, ya shige gidansa, na shige nawa. Matata ta ce albasa rabi ta ƙone. Na ce na ji.

Washegari da na idar da sallar asuba na rasa abin yi, don ƙafata ta saba. Na ɗauki ƙwarya na nufi zaurensa, ina cewa in kora ce a yi ta a gama. Na tarar da almajiransa huɗu zaune. Buzun gaba, inda mai ja yake zama, babu kowa a kai. Shi yana baya, jikin bango, gurmi a cinya. Bai dube ni ba, ya nuna buzun da haɓa.

Na zauna. Na fara daga Kaka Abari na Gamu, a hankali, kowa da kirarinsa, har bakwai, na ƙara na takwas. Na jefa baitin farko. Almajirai suka amsa tare, shi ya shigo a baya, ya makara kaɗan.

Na ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Na ce, "Na jikin bango ya makara. A sake."

Aka sake.